Kai da ba ka gaji siyasa ba: yadda zaka fara daga kansila, da abin da zaka ɗauka daga Suga na Japan

Yanzu a ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura da Garki duk saurayin da ya ɗan yi karatu so yake ya tsaya takara, kuma ba laifi bane, tunda aka sa hannu a dokar rage shekarun takara a 2018 mai shekara 25 ma yana iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Matsalar dai yawancinmu babu wanda ya taɓa riƙe kujera a gidansu, ba kuɗi ba suna, sai baki da waya da data ta ɗari biyar. To irinku nake wa wannan rubutun ƙannena, kuma mutumin da zan riƙa ɗauko misali da shi wani ɗan Japan ne, Yoshihide Suga, wanda ya yi firaministan ƙasar daga Satumban 2020 zuwa Oktoban 2021.

Dalilin da yasa na zaɓe shi, siyasar Japan ta fi tamu gado nesa ba kusa ba. Dubi waɗanda suka yi firaminista a ƙasar: Shinzo Abe kakansa na wajen uwa Kishi ya yi firaminista, babansa ya yi ministan harkokin waje. Taro Aso jikan firaminista Yoshida ne. Kishida babansa da kakansa duk 'yan majalisa ne, Ishiba babansa gwamna ne. A jam'iyyar LDP, wadda tun 1955 take mulki in ka cire 1993 zuwa 1994 da kuma 2009 zuwa 2012, uba na sauka ɗa ke hawa, ya gaji mazaɓa ya gaji magoya baya ya gaji asusun kamfen. Shi kuwa Suga ɗan manomi ne daga wani ƙauye a jihar Akita can arewacin ƙasar inda ƙanƙara ke binne gidaje lokacin sanyi, an haife shi a Disamban 1948, babansa noman sitiroberi yake, irin jajayen 'ya'yan nan da ake kawowa daga Jos.

Amma bari in faɗi gaskiya tun da wuri don kar wani ya ɗauka marayan Allah ne. Baban nasa ba talaka tilis bane, ya yi kansila a garinsu kuma shi ke jan ragamar masu noman sitiroberin yankin. Lokacin da Suga ya fito neman shugabancin jam'iyya an ɗan shafa wa labarin mai, 'yan jaridar ƙasar kuma suka tono. Kaima in zaka ba da tarihinka a gaban jama'a ba da wanda tsoffin garinku za su gyaɗa kai, domin a ƙauye kowa ya san gonar babanka da yawan awakin gyatumarka, kana ƙara gishiri a majalisar mai shayi za a kwance maka zani.

Farkon abin yi shine ka samu wanda zaka yi wa hidima ka koyi aikin a hannunsa, kuma ka shirya daɗewa. Suga da ya gama sakandare ya gudu Tokyo don baya son noma, ya yi aiki a masana'antar kwali, ya yi 'yan buge-buge har a kasuwar kifi, sannan ya shiga jami'ar Hosei ya karanta shari'a ya gama a 1973. A 1975 ya zama sakataren wani ɗan majalisa mai suna Hikosaburo Okonogi a birnin Yokohama, ya yi shekara 11 cur yana ɗaukar masa jaka. Shekara goma sha ɗaya fa malam. Mu nan yaro in ya yi wata shida yana bin ɗan majalisa bai samu babur ba sai ya koma Facebook yana zaginsa.

Wajen zaɓen maigidan nan ake yin kuskure. Kar ka bi wanda ya fi kowa rabon kuɗi, bi wanda mutane ke cika ƙofar gidansa da matsaloli kuma yana zama ya saurara, ko da tsohon kansila ne ko shugaban jam'iyya na mazaɓa. Abin da kake nema a wajensa sanin hanya ne: wa ake gani a sakatariyar ƙaramar hukuma in tuƙa-tuƙa ta lalace, wane ofishi ake kai takardar neman ƙarin malami a firamare, yaya ake rubuta ta, wa ke sa hannu, in taki ya zo ta hannun wa yake bi kafin ya iso akwati, wane dagaci ne basa ga maciji da wane limami. Ka sayi littafi mai tauri ka riƙa rubutawa, suna da lambar waya da abin da mutum ya zo nema da ranar da ya zo da abin da aka yi masa. Wallahi bayan shekara uku littafin nan ya fi fosta dubu amfani. Kuma kar ka ci kuɗin saƙo, in maigida ya baka dubu biyar ka kai gidan rasuwa ka kai ta biyar ɗinta, irin wannan ƙaramin abin shi ake tunawa da kai ranar da ka fito.

Daga nan sai ka nemi ƙaramar kujera. Suga bai fara da majalisar ƙasa ba, kansila ya nema a majalisar birnin Yokohama a 1987 yana da shekara 38, a garin da ba nasa ba, ba dangi ba abokan makaranta. Abin da aka fi ba da labari a kansa shine ƙafa, ance yana zaga gida wajen 300 a rana har ya kai gida 30,000, takalmi ƙafa shida ya kashe. Kuma ka sani dokar zaɓen Japan ta hana bin gida-gida ana roƙon ƙuri'a, don haka 'yan siyasarsu gaisuwa suke zuwa tun kafin a buɗe kamfen, a miƙa katin suna a sunkuya a wuce, kamfen ɗin majalisar wakilai ma gaba ɗaya kwana 12 ne. Kaga kenan aikin duk kafin a kaɗa ganga ake gama shi.

Kai naka ya fi sauƙi, mazaɓarka ba ta kai gida dubu talatin ba. Jigawa mazaɓu 287 ne a ƙananan hukumomi 27, Kano 484 a 44, yawanci ƙauyuka ne 'yan kaɗan da rugage da zaka iya gamawa da babur ko keke. Ka raba su bisa akwati, ka fara da inda ba a sanka ba, inda aka sanka ai suna nan. Lokaci mai kyau bayan la'asar ko bayan an sauko daga gona, da damina kam gara ka same su a gonar ka karɓi fartanya ka ɗan taya ko da kunya biyu ce. In ka je kar ka fara da maganar takara, gaida maigida, tambayi iyali da amfanin bana, in akwai mara lafiya ka shiga ka duba. Rugar Fulani kar ka tsallake ta don ance basa fitowa zaɓe, suna fitowa in an je musu. Mata kuwa kai ba zaka shiga cikin gidajen mutane ba, nan ne zaka buƙaci yayarka ko gwaggonka ko uwargida, su ke zuwa suna da biki da awo, kuma kowa ya taɓa tsayawa a layin zaɓe a ƙauye ya san layin wa ya fi tsawo.

Wani abu da 'yan siyasar Japan ke yi wanda Suga ya yi fice da shi tun da wuri, tsayuwa a bakin tashar jirgin ƙasa da sassafe da lasifika a hannu ana wa masu tafiya aiki jawabi, ko an tsaya ko ba a tsaya ba, gobe ma a dawo. Yoshihiko Noda wanda ya yi firaminista a 2011 ya fi shekara ashirin yana wannan a tashoshin mazaɓarsa. Mu bamu da irin tashar, amma muna da ranar kasuwa, Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, da ƙananan kasuwannin da ke ci a kowane yanki. Ban ce ka ɗauki lasifika kana ihu ba, za a ce ka zare ko maganin basir kake sayarwa. Samu rumfa ɗaya, ta mai shayi ko ta ɗan uwanka mai awo, a san duk ranar kasuwa daga hantsi zuwa azahar kana nan, mai takarda ya kawo ka karanta masa, mai neman cike fom na makaranta ka cike masa a wayarka, wanda katin zaɓensa ya ɓace ka gaya masa inda zai je. Muhimmin abin kar ka riƙa fashi.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce a ranku. A Japan doka ta hana ɗan siyasa yi wa mutanen mazaɓarsa kyauta, kuma ba wasa ake ba. A 2014 ministar shari'a Midori Matsushima ta sauka saboda ta raba mahuci na takarda mai hotonta, mahuci fa. A 2019 ministan ciniki Isshu Sugawara ya sauka kan zargin rabon kankana da ƙaguwa da kuɗin ta'aziyya da sakatarensa ya kai, ministan shari'a Katsuyuki Kawai shima ya sauka a watan, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara uku kan sayen ƙuri'a, kuma duka biyun nan na kusa da Suga ne, don haka kar ka ɗauka can mala'iku ne. Nan kuwa taliya da sabulu da atamfa sun zama kamar farilla. Ni shawarata tunda baka da shi kar ka shiga gasar, wanda ya fi ka kuɗi zai ninka duk abin da ka bayar a daren zaɓe. Ɗan abin da ka tara ka ajiye shi don kuɗin fom, da man babur, da abincin ejan-ejan ɗinka ranar zaɓe, domin ejan mai jin yunwa da azahar zai bar akwati. Kar ka sayar da gonar gado, kar ka ci bashin mai POS da sunan in ka ci zaka biya.

Takardu ma a gyara su da wuri: katin zaɓe a mazaɓar da zaka tsaya, katin jam'iyya domin a Najeriya ba a tsayawa ba jam'iyya, shaidar karatun sakandare, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da ta asalin ƙaramar hukuma, kuma sunanka ya zama iri ɗaya a dukkansu. In ma'aikacin gwamnati ne kai sai ka ajiye aiki kafin zaɓe. Zaɓen kansila hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, JISIEC a Jigawa KANSIEC a Kano, je ka karɓi ƙa'idojinsu da kanka ka karanta. Kuma kowa ya san yadda zaɓen ƙananan hukumomi ke ƙarewa a jihohinmu, jam'iyya mai mulki ke kwashe kusan komai, don haka ainihin yaƙin a cikin gida yake wajen fidda gwani ko maslaha, shi yasa waccan hidimar ta shekaru take da rana.

To in Allah ya baka kujerar, nemi abu ɗaya da za a riƙa kiran sunanka da shi. Suga ya yi zango biyu a kansila, ya shiga majalisar wakilai a 1996 yana da shekara 47, a 2006 Abe ya ba shi ministan harkokin cikin gida da sadarwa. Nan ya tura tsarin da har yau in an ambace shi sai an ambaci Suga, wato harajin garin haihuwa da ya fara aiki a 2008. Tunanin mai sauƙi ne, ƙauye ke rainon yaro ya kashe masa kuɗin makaranta da asibiti, yana girma ya tafi Tokyo harajinsa ya tafi can. Sai aka ce mutum na iya tura wani kaso na harajinsa ga duk garin da yake so a cire masa daga abin da zai biya, yen 2,000 kawai na kuɗin Japan zai ɗauka a kansa, garin kuma ya aiko masa tukwici, shinkafa ko nama ko kifin yankin. Shekarar farko wajen yen biliyan 8 aka tara, a 2023 ya haura tiriliyan ɗaya. Yana da nasa surutun, manyan birane na kukan ana kwashe musu kuɗi, garuruwa kuma suka shiga gasar tukwici har gwamnati ta ƙayyade a 2019 cewa kar ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da aka bayar.

Kai kansila baka da ikon taɓa haraji, amma dubi yawan 'yan garinku da ke Legas da Fatakwal da Abuja da Kano, masu shayi, masu acaɓa, masu gadi, 'yan kasuwar Dawanau, kowa yana turo wa gidansu amma babu mai haɗa su kan aikin gari. Buɗe musu zaure a WhatsApp, a buɗe asusu a banki da sunan ƙungiyar gari, masu sa hannu uku kuma kar ka zama ɗaya daga ciki, sa liman ko shugaban makaranta da wani dattijo da wata uwa da ake jin maganarta. A zaɓi aiki ɗaya ƙarami da za a gama cikin wata biyu, gyaran tuƙa-tuƙa ko rufin aji ɗaya ko kwalbati a inda ruwa ke yanke hanya. Duk wata a liƙa lissafi a bangon masallaci a kuma tura hotonsa zaure, wanda ya ba da ɗari biyu ma a rubuta sunansa. Da kaka a aika wa waɗanda suka fi ƙoƙari kwanon riɗi ko zoɓo ko ƙullin kuka da daddawa. Riɗin nan namu dama Japan na cikin manyan masu sayensa.

Akwai kuma maganar wanda zaka tsaya wa. Suga ya sha yin caca a jam'iyya yana faɗuwa, a 1998 ya bar ɓangarensu ya bi Seiroku Kajiyama a takarar shugabanci aka kayar da su, daga baya ma ya zauna ba ɓangare. A 2007 Abe ya sauka bayan shekara ɗaya kacal, ga ciwon hanji ga faɗuwa zaɓen majalisar dattawa, kowa yace tasa ta ƙare. A 2009 guguwa ta kwashe LDP, Suga da ƙyar ya tsira da kujerarsa da ratar ƙuri'a 548. Amma bai daina zuwa wajen Abe ba, shi ya dage masa ya sake fitowa a 2012, da suka ci ya naɗa shi babban sakataren majalisar ministoci, kujerar da ta haɗa sakataren gwamnati da kakakinta, ya riƙe daga Disamban 2012 har Satumban 2020, babu wanda ya taɓa daɗewa haka a kanta. Don haka in maigidanka ya faɗi zaɓe kuma ka san mutumin kirki ne mai jama'a, kar ka bi ayarin masu sauya hula a satin farko, ranar da ƙofar gidansa ta bushe je ka zauna. In kuwa ɓarawo ne ka gano, wannan kam sallama ta fi.

A wannan kujerar abu biyu ya riƙe. Baki, domin sau biyu a rana yake tsayawa gaban 'yan jarida, amsa gajera ba ya ƙari, har ana jin haushinsa. Da kuma ma'aikata, tun da aka kafa ofishin da ke kula da naɗin manyan ma'aikata wajen 600 a 2014 kowane babban sakatare ya san tsallake Suga hatsari ne, masu suka na cewa abin ya sa ma'aikata tsoron faɗin gaskiya, kuma ina ganin suna da hujja. Mutum ne da ba ya shan giya, da asuba yake tashi ya karanta jaridu ya yi tattaki, abin da aka san yana so shine fanke mai zaƙi. Duk da haka talakan Japan bai wani damu da shi ba sai ranar 1 ga Afrilun 2019 da ya ɗaga allo a talabijin ya sanar da sunan sabon zamanin sarautarsu, Reiwa, daga ranar yara suka laƙaba masa Kawu Reiwa, ko ina ya je ana ɗaukarsa hoto. Kai abin da zaka ɗauka nan ka rage surutu a Facebook, duk abin da ka rubuta da zafin rai wani ya ɗauki hotonsa ya ajiye maka.

Sai ɓangaren da ya kamata ka fi karantawa da kyau. Abe ya sanar da sauka a ƙarshen Agustan 2020, manyan ɓangarorin jam'iyya suka taru kan Suga, ya samu ƙuri'a 377, Kishida 89, Ishiba 68, ya hau da farin jinin da ya kai wajen kashi 70. Kuma ya yi aiki, ya matsa wa kamfanonin waya suka rage kuɗi, ya kafa hukumar da za ta mayar da ayyukan gwamnati kan intanet, rigakafin korona ya kai allura miliyan ɗaya a rana. Amma gajeriyar amsar nan da ta yi masa rana yana na biyu ita ta kashe shi yana na ɗaya, mutane na cikin tsoron annoba suna son a yi musu bayani shi kuma yana karanta takarda kansa a ƙasa. Ya ƙi naɗa malaman jami'a shida a majalisar masana kimiyya ya ƙi faɗin dalili. Ana ce wa jama'a su guji taro aka gan shi a liyafar cin nama da manyan mutane. Maganar ɗansa na fari ta taso kan kai manyan ma'aikatan sadarwa cin abinci mai tsada. Aka yi gasar Olamfik a Tokyo ba 'yan kallo cutar na ƙaruwa, farin jini ya sauko wajen kashi 30. Waɗanda suka ɗora shi ba mutanensa bane, aronsu aka ba shi, da suka ga zaɓe ya matso kowa ya janye.

Don haka tun kana kansila koyi tsayawa gaban mutane ka yi bayani da bakinka ba takarda, ko labarin ba daɗi, in kuɗin aiki bai zo ba tara su bayan sallar Juma'a kace bai zo ba ga inda ya maƙale. Ka ja kunnen ƙannenka da 'ya'yanka kar wanda ya karɓi ko sisi da sunanka. In manya suka ce zo mu baka ciyaman ko majalisar jiha, kafin ka amsa zauna ka ƙirga daliget nawa ne naka na kanka waɗanda ko manyan sun juya baya suna nan, in basu kai ba gara ka ƙara zango a inda kake.

Abin da ya ƙarasa Suga a gida ya faru. A Agustan 2021 aka yi zaɓen magajin garin Yokohama, ya fito ƙarara ya goyi bayan Hachiro Okonogi, ɗan maigidan nan nasa da ya yi wa shekara 11 yana hidima, aka kayar da shi mummunan kaye a garin da Suga ya kashe takalma. Ranar 3 ga Satumba yace ba zai sake neman shugabancin jam'iyya ba, ranar 4 ga Oktoba Kishida ya karɓa, kwana 384 kenan. Kujerarsa ta majalisa dai mutanen mazaɓar sun sake ba shi a ƙarshen watan, suka kuma ba shi a 2024, shekarar da Ishiba ya ɗauko shi ya yi mataimakin shugaban jam'iyya.